Haihuwa 22,774: Abin da Zariya ta koya wa likitocin mata

Daga 1976 zuwa 1979, duk macen da ta haihu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sai an cike mata takarda. A rubuta shekarunta da tsayinta, a rubuta haihuwarta ta nawa, ta zo awo ko ba ta zo ba, ta yi makaranta ko ba ta yi ba. A ƙarshe a rubuta yadda aka kwashe: ta tashi ko ba ta tashi ba, jaririn ya zo da rai ko babu rai. Ba a tsallake kowa ba. Da aka rufe lissafi, haihuwa 22,774 aka tara, mata 238 kuma ba su koma gida ba. A lokacin asibitin yana tsohon mazauninsa na Tudun Wada, don sai a 2005 aka koma Shika.

Mu da muka saba cewa mai ciki ƙafarta ɗaya na duniya ɗaya na lahira, wannan adadi ba zai ba mu mamaki ba. Shi ya sa addu'armu ga mai juna biyu ba ta wuce "Allah ya raba lafiya". Sabon abu a Zariya shi ne an zauna an ƙirga, an kuma tambayi lissafin: su wane ne suke mutuwa, me ya bambanta su da waɗanda suka tashi? A ganinmu duk wanda zai ba da tarihin yadda ake horar da likitoci su ƙware a kan ciki mai haɗari a ƙasar nan, daga wannan tambaya ya kamata ya faro.

Fannin da muke magana a kai reshe ne a cikin reshe. Akwai likita, akwai likitan mata da haihuwa, sannan akwai wanda ya ƙara wasu shekaru yana koyon kula da cikin da ya zo da gardama: mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, mai ciwon zuciya, mai tagwaye ko 'yan uku, wadda mabiyiya ta tare mata hanya, wadda ɗan tayinta ya daina girma. A Amurka an ware wannan fanni a hukumance a farkon shekarun 1970, kuma har yau tsarinsu shi ne shekara huɗu na koyon aikin mata da haihuwa, a ƙara uku na wannan ƙwarewa. Ingila ta biyo baya a shekarun 1980.

Abin lura shi ne lokacin da aka haifi fannin a can. Ya zo ne bayan mutuwar mata wajen haihuwa ta riga ta ragu ƙwarai a waɗannan ƙasashe, saboda ƙarin jini, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da tiyata mai aminci. Da uwa ta samu sauƙi, sai ido ya koma kan abin da ke cikinta. A 1958 Ian Donald ya nuna yadda za a leƙa ciki da na'urar sikanin. A 1963 William Liley ya yi wa ɗan tayi ƙarin jini tun yana cikin mahaifa. A 1972 Liggins da Howie suka nuna cewa allurar da aka yi wa uwa kafin haihuwar bakwaini tana taimaka wa huhun jaririn ya nuna. Ɗan tayi ya zama majinyaci mai zaman kansa. A wannan shekara ta 1972 ce wani likita ɗan Najeriya, Kelsey Harrison, ya iso Zariya a matsayin farfesa, ya tarar da ɗakin haihuwar da matsalarsa ta farko ita ce uwar ta kai gobe.

Harrison mutumin Abonnema ne a Jihar Ribas ta yanzu, an haife shi a 1933. Ya fara karatun likita a Ibadan ya ƙarasa a Landan, amma a asibitin koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, ya goge. Can ya yi aiki a ƙarƙashin John Lawson, Baturen da ya jagoranci sashen mata, wanda shi da David Stewart suka fitar da littafi a 1967 a kan aikin haihuwa a ƙasashe masu zafi. Ibadan ta wancan zamani ta riga ta gane cewa littafin Landan ba ya amsa kowace tambaya. Ɗauki ƙarancin jini. Za a kawo mace mai ciki jininta ya ƙare saboda zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jini, tafin hannunta fari fat, tana haki. Hankali zai ce a ƙara mata jini maza-maza. To amma zuciyarta ta riga ta gaji, idan aka ɗura mata jini da yawa sai ruwa ya taru a huhu, maganin ya zama ajali. Likitocin Ibadan suka fara da dabarar musanya: ana zuƙe nata jinin mai ruwa-ruwa ta hannu ɗaya, ana saka mai kauri ta ɗayan. Daga baya Harrison da abokan aikinsa suka nuna hanya mafi sauƙi, wato a ba da jinin da aka tace ruwansa tare da maganin sa fitsari mai saurin aiki, yadda jiki zai fitar da rarar ruwan. Ƙaramin asibiti ma zai iya wannan.

Da wannan tarbiyya ya zo arewa, inda makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello ba ta wuce shekara biyar da kafuwa ba, asibitocinta kuma a warwatse suke tsakanin Zariya da Kaduna da Malumfashi.

Zariya ta shekarun 1970 makaranta ce da babu irinta ga likita mai son koyo, kodayake abin da ya mayar da ita haka abin baƙin ciki ne. Cututtukan da likitan Turai zai yi ritaya bai gani ba, a nan kullum sai an gani. Mahaifa ta fashe bayan kwana uku ana naƙuda. Yarinya 'yar shekara 14 an kawo ta tana jijjiga ta taune harshe. Mai jego ta dawo bayan sati shida ƙafafu a kumbure, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Wannan na ƙarshe ya ja hankalin sashen cututtukan manya, inda Eldryd Parry da Neil Davidson suka bi diddigin mata 224 masu ciwon zuciya bayan haihuwa, suka wallafa a 1978. Sun danganta yawan ciwon a ƙasar Zazzau da al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya nauyi. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci na duniya, har ya zama idan an ambaci Hausawa a darasin zuciya to kanwa ake nufi. Bincike na baya-bayan nan a Kano, wanda Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta, ya karkata ga wasu dalilan: rama, talauci, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Kakanninmu mata da aka daɗe ana ɗora wa laifi sun ɗan samu mai kare su, amma wannan ba izini ba ne a ci gaba da dama wa mai hawan jini kunun kanwa.

Haka batun yoyon fitsari. Wani nazari da Tahzib ya fitar a 1983 ya tattara mata 1,443 da aka duba a asibitin daga 1969 zuwa 1980. Fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Kashi 13 kuwa yankan gishiri ne, wanda ungozoma ko wanzami ke yi da aska da niyyar buɗe hanya.

A cikin wannan yanayi aka yi babban lissafin. Babu kwamfuta a kan kowane tebur, aikin na biro da takarda ne da haƙurin ungozomomi da ƙananan likitoci, waɗanda bayan sun kwana a tsaye sai kuma su zauna cike fom. A nan ne horon yake. Likitan da aka tilasta wa rubuta awa nawa mace ta yi tana naƙuda kafin a kawo ta, da nisan garinsu, da wanda ya yanke shawarar a kawo ta, ba zai ƙara kallon fashewar mahaifa a matsayin abin da ya faru a ɗakin tiyata kawai ba. An wallafa sakamakon a 1985, a wani kundi na musamman na mujallar likitocin mata ta Birtaniya.

Ga abin da lissafin ya ce. Kusan kashi biyu cikin uku na matan sun zo awo, sauran kashi ɗayan kuma ba a taɓa ganinsu ba sai ranar da abu ya ɓaci. A cikin mata 238 da suka rasu, fiye da 200 daga wannan rukuni na biyu suke. Mutuwa a cikinsu ta kusa uku cikin ɗari. A cikin masu zuwa awo ba ta kai biyu cikin dubu ba. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, ɗakin tiyata ɗaya. Haɗarin ya fi yawa ga yara mata 'yan ƙasa da shekara 16, da kuma manyan mata da suka yi haihuwa da yawa. Da aka bi sawun abin da ke raba mai zuwa awo da wadda ba ta zuwa, sai aka iske makaranta a gindin maganar. Macen da ta yi karatun boko, ko na firamare ne, ta fi jinkirta aure, ta fi zuwa awo, ta fi zuwa asibiti da wuri, ko daga wace ƙabila ko addini take. Harrison, wanda aikinsa wuƙa da zare ne, ya ƙare da cewa babban maganin yana wajen asibiti, kuma ya shafe sauran rayuwarsa ta aiki yana nanata batun ilimin bai ɗaya.

Akwai wani ɗan bincike a cikin kundin da muke ganin ya fi kowanne taɓa zuciya. Tare da Alan Fleming, masanin cututtukan jini a Zariya, an bi wasu 'yan mata masu cikin fari, ana ba su maganin rigakafin zazzaɓi da ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid. Sai aka ga da yawansu sun ƙara tsayi a cikin watannin da suke ɗauke da cikin, wasu da santimita da dama, kuma waɗanda suka ƙara tsayin sun fi samun haihuwa da kansu. Ma'ana, yarinyar da aka kawo awo ita kanta ba ta gama girma ba. Ita da abin da ke cikinta suna rabon abinci ɗaya.

Ba kowa ya ji daɗin wannan sakamako ba, kuma muna iya fahimtar dalili. Maganar auren wuri da kulle da kunyar haihuwar fari, idan ta fito daga bakin wanda ba ɗan gida ba, tana iya zama kamar gori. Mu kanmu mun san yadda ake yaba wa yarinyar da ta haihu ita kaɗai a ɗaki ba a ji ko tarinta ba. Sai dai lissafin bai zagi kowa ba. Ya nuna cewa Bahaushiyar da ta zo awo tana tashi lafiya kamar kowace mace, kuma wannan albishir ne ga mai son ji.

A shekarar da kundin ya fito, Allan Rosenfield da Deborah Maine suka rubuta wata maƙala a mujallar Lancet suna tambayar ina aka bar uwa a shirye-shiryen lafiyar uwa da yaro, tunda duk kuɗin da hankalin sun tafi ga rigakafin yara. A watan Fabrairun 1987 aka yi taron Nairobi wanda ya ƙaddamar da yunƙurin haihuwa lafiya na duniya, kuma alƙaluman Zariya na cikin hujjoji mafi ƙarfi da ake da su daga Afirka a lokacin. Abin takaici, a daidai wannan lokaci Zariyar kanta baya take ci. Tattalin arziki ya karye, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, asibitoci suka koma karɓar kuɗi a kan abubuwan da a da kyauta ne. Likitocin Zariya sun rubuta a 1990 cewa masu zuwa haihuwa asibiti sun ragu sosai, mutuwa kuma ta ƙaru. Miji na can yana neman kuɗin safar hannu da ruwan ƙari da jini, matarsa na kan gado tana jira.

Daga irin wannan ne aka samo bayanin jinkiri uku da Thaddeus da Maine suka fitar a 1994, wanda yau kowane ɗalibin likita ya haddace: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Wata haɗakar masu bincike ta Afirka ta Yamma da Jami'ar Kolombiya ta tallafa wa, mai rassa a Zariya da Sakkwato da wasu garuruwa, ta gwada gyara kowanne. A Zariya an gyara ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, an tanadi ƙunshin magungunan gaggawa. Ayarin Sakkwato kuwa har tasha ya shiga, ya jawo direbobin haya cikin aikin kai masu naƙuda asibiti.

Shi kansa horon ƙwarewar, a shekarun nan ya dawo gida. A da duk mai son zama babban likitan mata sai ya tafi Ingila ya ci jarrabawar kwalejinsu. A 1979 aka kafa kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa da doka, ga kuma kwalejin likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta ƙungiya ce da aka kafa a 1960. Hanyar doguwa ce. Shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta gwajin aiki, shekara ɗaya ta bautar ƙasa, jarrabawar share fage, sannan shekara biyar ko shida ko fiye a asibitin koyarwa, da manyan jarrabawa biyu da kundin bincike. A cikin waɗannan shekaru likita na zagayawa sassa, ciki har da sashen kula da uwa da ɗan tayi, inda ake tara masu sikila da masu ciwon suga da waɗanda aka yi wa tiyata sau biyu ko uku. Wanda ya zaɓi wannan fanni ya zauna a kai, yakan ƙara da koyon sikanin mai zurfi, sau da yawa a ƙasar waje. Mutum kan kusa shekara arba'in kafin a kira shi ƙwararre.

Idan muna neman magadan Zariya, Kano za mu duba. Asibitin koyarwa na Aminu Kano an kafa shi a 1988, kuma da yawa daga malamansa na farko a Zariya suka yi karatu. Ayyuka biyu da suka fito daga can sun isa misali, dukansu kuma irin tunanin nan ne na neman abu mai sauƙi da zai kai ga mace mai nisa.

Na farko jijjiga. Tun 1995 wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya tabbatar cewa maganiziyam salfet ya fi diyazafam hana jijjiga dawowa, a 2002 kuma gwajin Magpie, mai mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage aukuwarta da fiye da rabi ga masu alamunta. Magani ne mai arha. Duk da haka shekaru suka wuce asibitocinmu na amfani da tsohon, saboda ba a saba da sabon ba, ana tsoron yawansa zai tsayar da numfashi, kuma ba ya cikin kantin asibiti. A 2008 aka shigar da shi asibitocin gwamnati goma a Jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi yadda ake ba da shi da yadda ake sa ido: a ƙirga numfashi, a duba fitsari, a buga gwiwa a ga ko ƙafa za ta harba. Rahoton da Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka fitar ya nuna mutuwa a cikin masu wannan ciwo ta sauko daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa 2.3. Aikin ƙwararren a nan bai tsaya ga majinyatan da ya duba da hannunsa ba. Ya koyar da waɗanda za su duba dubbai a inda shi ba zai je ba.

Na biyu zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe mata a duniya. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna jini. Ya jiƙa zane, ya bi katifa, ya zuba ƙasa, ungozoma ta ce kaɗan ne, sai mace ta fara hamma da gumi mai sanyi. Gwajin E-MOTIVE, wanda aka wallafa a 2023, ya shafi mata sama da 200,000 a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce kuma ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da aka gwada wata leda ce mai aljihu da zanen ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu. Da jini ya kai layin da aka sa, ba a jira: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin da ke hana gudan jini narkewa, a sa ruwa, a duba ko akwai yagewa, duka a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira a gani. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Galadanci a Zariya ta yi karatun likita.

Sai dai ledar da allurar duk suna jiran macen da ta iso asibiti ne, kuma a nan tsohon lissafin ke sake ɗago kai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a arewa maso yamma, matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ba Najeriya mace-mace 1,047 a kowace haihuwa 100,000, wato kimanin mata 82,000 a shekara, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Wanda ya raba 238 da 22,774 zai samu kusan wannan adadi. Ba abu ɗaya ake aunawa ba, don ɗaya lissafin asibiti guda ne da ake kai wa mafi tsananin matsaloli, ɗayan kuma ƙiyasin ƙasa ne. Amma kusancin lambobin biyu, da shekara arba'in a tsakaninsu, ya isa ya hana mutum barci.

Ga kuma ƙwararrun kansu. Likitan da ƙasa ta kashe shekara goma sha biyar tana rainonsa, a ranar da ya karɓi takardarsa ya zama abin nema a Saudiyya da Ingila da Kanada. Masu neman ƙwarewa, waɗanda su ne ke kwana a ɗakunan haihuwa na asibitocin koyarwa, sun sha shiga yajin aiki a kan albashi da kuɗin horo. Ba ma ganin laifin wanda ya tafi. Amma duk babban likita ɗaya da ya tashi, ya tafi da ƙananan likitoci goman da zai horar.

Muna jin muhawarar da ake yi a kan inda ya kamata a sa ɗan abin da ake da shi, ko a na'urorin duba ɗan tayi ko a ungozomomin karkara, kuma a ganinmu an raba abin da bai rabu ba. Mai sikila da ta kai wata bakwai tana buƙatar wanda ya san lokacin da za a ƙara mata jini da lokacin da za a ciro jaririn. Yawan tiyatar haihuwa a birane ya kawo ƙaruwar mabiyiyar da ke manne wa tabon mahaifa, wadda idan ba a gano ta da sikanin kafin ranar ba, jinin da za a zubar ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Waɗannan aikin ƙwararre ne, babu mai maye gurbinsa. Abin da Zariya ta ƙara a kan manhajar Amurka da Ingila shi ne cewa ƙwararren nan dole ya iya ƙirga, ya san daga ina majinyatansa ke zuwa da su wa ba sa zuwa, ya kuma ɗauki koyar da ungozomar ƙaramar hukuma a matsayin rabin aikinsa. Tun 2013 majalisar lafiya ta ƙasa ta amince da tsarin bin diddigin mutuwar kowace mai haihuwa, inda ma'aikata ke zama su tambayi abin da ya faru ba tare da neman wanda za a hukunta ba. Fom ɗin da ake cikewa a irin wannan zama yana tambayar shekarunta, haihuwarta ta nawa, ko ta zo awo, da tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta iso.